Ɓauna da Matakalar Inna

A duk layin babu mai kiransa da sunansa na gaskiya. Sai-ta-tashi ake ce masa, kuma shi ya jawo wa kansa. In abokai suka ce ya zo a je gaishe da wani a can nesa, sai ya ce, "Sai ta tashi." In matarsa ta ce ya kamata ya ɗan fita ya sha iska ko na kwana biyu, "Sai ta tashi." Har autarsa, wata safiya da aka tashe ta makaranta, ta ja zane ta rufe kai ta ce ita ma sai ta tashi. Gida ya kwashe da dariya, shi kaɗai ne bai yi ba.

Wadda ake jira ta tashi ɗin mota ce. Tsohuwar motar daji, mai dogon jiki da faɗin ƙirji, irin wadda ba ta tambayar hanya kafin ta bi. Ɓauna ake kiranta tun tana da ƙarfinta. Tana zaune a tsakar gidansu na gado, bonet a buɗe, cikinta fayau, injinta kuma yana gefe a kan katako an lulluɓe shi da tsohon buhu. Daga titi dogon lungu ne ke shiga gidan, ya miƙe sannan ya karya hagu ya buɗe tsakar gida. Ta nan aka shigo da ita, ta nan kuma yake sa ran wata rana zai fita da ita ya koma inda ya fito.

Ba a bakin titi ya fara rayuwa ba. Yana saurayi ya bi masu haƙa rijiya, shi ne direba shi ne bakanike. Su shiga daji su yi wata da watanni, inda babu kwalta babu gini, sai ƙaya da rairayi da sararin sama. In hira ta yi hira yakan ce a can mota ba ta da gaba ba ta da baya, inda ka ga dama nan za ka juya, babu wanda zai ce ka taɓa masa katanga. Abokinsa a tafiyar Dogo ne, mai kula da na'urar haƙa, mutum mai yawan tsokana da ƙarancin barci. A bakin wani rafi Ɓauna ta gamu da ƙaddararta. Ruwa ya fi yadda suka zata zurfi, ta shaƙa, injin ya yi wata ƙara guda ya yi shiru. Suna can suna fama da ita aka aiko cewa mahaifinsa ya rasu.

Maigidansu mutumin kirki ne. Ya ce, "Ɗauke ta ka tafi da ita gida. Ka yi zaman makoki, ka gyara ta a tsanake, ku dawo tare. Wurinka yana nan."

Aka jawo ta da babbar mota har bakin lungu, mazan layi suka taru suka tura ta ciki. A lokacin kwanar lungun fili ce, ba komai a wurin sai tsohon turmi, suka karya da ita ba tare da ta goge ko bango ba.

Da ya buɗe injin ya ga ɓarnar ta wuce tsammani. Sandar fistin ɗaya ta lanƙwashe, ta bugi jikin injin ta tsaga shi. Duk bakaniken da ya leƙa sai ya ce a jefar a nemo wani. Shi kuwa ya ƙi. Ya ce ya san muryar wannan injin kamar yadda ya san tarin mahaifiyarsa, ba zai ɗora wa Ɓauna zuciyar baƙuwa ba. Taurin kai ne, ba wani abu ba, amma irin taurin kan da mai shi ke kira amana.

Sai gida ya kama shi ta inda bai zata ba. Shi ne babba. Ga Inna, ga ƙanensa da ke koyon ɗinki, ga ƙannensa mata da ba su gama makaranta ba. Ya kafa rumfar kwano a bakin titi ya fara karɓar gyara, wai kafin kayan Ɓauna su haɗu. Motocin mutane a titi suke tsayawa, ba mai shiga lungu. Hannunsa na da kyau, aiki ya yi ta zuwa, ya yi aure, yara suka fara zuwa su ma. Kuma yana da wani hali da ya cuce shi: ba ya iya ganin mutum a tsaye da matacciyar mota da iyali a ciki. Sai ya ce, "Ina zuwa." Ya shiga gida ya kwance wani abu a jikin Ɓauna ya ɗaura wa baƙo, da sunan aro. Lagireto ya tafi a haka, batir ya tafi, famfon mai ya tafi, har fitilu. Masu aro kuwa kowa ya san su, godiyarsu tana da yawa, ƙafarsu ce ba ta san hanyar dawowa ba.

Matarsa mace ce da ba ta ɓoye magana a ciki. Takan ce, "Maigida, kai da motar nan ban san wa ke gadin wani ba." Ta shanya wanki a ƙofofin Ɓauna, kaji suka yi ƙwai a ƙarƙashin kujerar baya, yara suka yi karatun jarrabawa a gaban sitiyari saboda nan ne kaɗai ba a damunsu. Shi kuma duk yamma in ya rufe rumfa sai ya ɗaga buhun, ya shafa wa ƙarfen baƙin mai don kada ya yi tsatsa, ya mayar ya rufe. Yana son motar, yana kuma jin haushinta, don duk ranar da ya kalle ta sai ta tuna masa cewa shi baƙo ne a nan da ya zo kwana kaɗan.

Ana nan unguwa ta cika. Maƙwabta suka ɗaga gine-gine ta ko'ina, suka toshe hanyar ruwa, tsakar gidan ta zama kwari. Damina na sauka ruwa ya shiga ɗakuna, bango ya jiƙe har tsayin gwiwa ya ƙi bushewa. Ɗakin Inna ya fi kowanne sanyi. Tari ya kama ta, ƙirjinta ya riƙa kuka kamar tsohuwar ƙofa, har sai da aka kwantar da ita asibiti. Likita ya ce musu a fili, in suka mayar da ita wannan ɗakin, to su shirya.

Babu fili a ƙasa, sai suka yanke a yi mata ɗaki a sama, a kan lungun, inda rana ke bugawa iska na ratsawa. Magini ya zo ya duba ya ce ɗaki zai yiwu, amma matakala ba ta da wurin zama sai a kwanar nan, inda tsohon turmi yake, kuma a jikinta zai kafa ginshiƙin da zai riƙe gefe guda.

Sai-ta-tashi ya ce, "Tsaya tukuna. Motata za ta wuce?"

Magini ya ce, "Kai ne mai mota, auna ka gaya mini."

Ya ɗauko igiya ya auna Ɓauna daga madubi zuwa madubi, ya ƙulla. Ya kai igiyar lungu ya gwada tsakanin bango da inda matakala za ta tsaya, ya ga har da ragowar taƙi guda. Ya gwada tsayi, nan ma lafiya lau. Ya ce wa magini, "Bismilla." Da hannunsa ya taya shi kwaɓa siminti.

Inna ta hau. Tarin ya lafa, ta yi ƙiba, har ta dawo da faɗanta na da. Sai dai gwiwoyinta suka ƙi matakala, daga baya idanunta ma suka dushe, ta daina saukowa gaba ɗaya. Duniyarta ta koma taga ɗaya da kunnuwa biyu. Ta san takun kowa. In ƙanensa tela ne ta ce, "Ga mai gaggawa nan." In surukarta ce ta ce, "A hankali da kwanon." In babban ɗanta ne, mai nauyin ƙafa da warin baƙin mai, ba ta cewa komai, sai ta gyara zama ta matsa masa wuri. Shi ke kai mata ruwan wanka da safe, shi ke sauko da bokiti.

Furfura ta riga ta ci rabin gemunsa ranar da wata motar daji ta tsaya gaban rumfa tana hayaƙi tana tari. Wani dogon mutum ya fito yana dafa ƙugu.

"Kai, matsoracin ruwa! Har yanzu zaman makokin kake?"

Dogo ne. Suka rungume juna suna zagin juna kamar jiya suka rabu. Tsohon maigidansu ya daɗe da rasuwa, yanzu Dogo ke da tawagarsa. Ya sami aikin rijiyoyi a wani yanki mai nisa, da ɗaukewar ruwan sama za su shiga. Injin motarsa ya gaji, ga shi yana bukatar mota ta biyu da mutumin da ya san daji.

Dogo ya ce, "Yaran yanzu in mota ta mutu waya suke nema. Ni kai nake so. Tayar da Ɓauna ka zo. In ka bari wannan ta wuce, wallahi ni da kai sai dai a lahira, ka ga dai yadda bayana ya koma."

Da yamma Sai-ta-tashi ya gaya wa matarsa, yana ta kewaye-kewaye kamar mai neman izinin ƙarin aure. Ta ajiye tsintsiya ta dube shi.

"Ka tafi mana. Yara sun girma, tela yana nan, ni ina nan. Shekara nawa ina auren rabin mutum, rabin yana daji? Gara ka je ka haɗo kanka ka dawo mini."

Ya hau wurin Inna. Kafin ya buɗe baki ta ce, "Na ji muryar dogon banzan nan tun daga titi. Je ka. Ubanka ne ya mutu, ba kai ba."

Daga ranar ya zama wani mutum. Ya daina cewa "ina zuwa" ga kowa. Ya bi gidajen masu aro ɗaya bayan ɗaya, wasu suka ba shi, wasu suka rantse ba su taɓa ganinsa ba. Ya sauke taurin kansa ya je wurin masu tsofaffin ƙarafa ya samo jikin inji irin nata, lafiyayye, ya kai aka gyara ramukan fistin. Ya sa sababbin ringi da fistin, ya wanke kowane ƙarfe da kananzir ya jera a kan tabarma, ya hana kowa tsallakawa. Abin da ya tsira daga tsohon injin ya mayar da shi, don dai muryar ta zauna. Aka kori kaji. Ya kafa ƙarafa uku ya rataya sarƙa, tela da maƙwabta suka ja, injin ya sauka a mazauninsa a hankali. Matarsa ta ce tun da ta aure shi ba ta taɓa jin yana waƙa ba sai a kwanakin nan, kuma gara da bai saba ba.

Ranar da ya murɗa makulli da hantsi ne. Ɓauna ta yi tari, ta yi shiru. Ya sake. Ta yi tari biyu, ta tofar da baƙin hayaƙi, sai ta kama. Ƙarar ta cika tsakar gida, kwanukan wanke-wanke suka hau rawa. Yara suka yi ihu, mutanen layi suka shigo suna cewa, "Ta tashi! Wallahi ta tashi!" Daga sama Inna ta ƙwala, "Muryarta ce! Ita ce!" Shi kuwa ya kifa goshi a kan sitiyari ya yi kuka, bai damu da wa ke kallo ba.

Washegari Dogo ya zo ya tsaya a titi da tasa motar. An ɗaure jaka, an ɗaure akwatin sifanu. Sai-ta-tashi ya sa giya, Ɓauna ta motsa daga inda ta yi shekara da shekaru, ta bar ramuka huɗu a ƙasa. Ya nufi bakin lungu ya karya sitiyari dama. Hancinta ya shiga. Sai ya ji ƙiii, gefenta ya kama ginshiƙin matakala, bamba kuma ta dafa bangon gaba.

Ya yi ribas ya sake ɗauko ta da faɗi. Ta kuma kamawa. Tela ya tsaya a gaba yana, "Yaya, kaɗan hagu! Tsaya! Koma!" Ya koma, ya dawo, ya koma, ya dawo. Aka cire madubai, aka cire bamba. Aka gwada fitar da ita da baya. Maza suka taru suka ɗaga gindinta suka matsar, ta ci taƙi ɗaya ta sake cijewa. Gaba bango, baya bango, fentin da ya rage mata duk ya koma jikin siminti. Gumi ya jiƙa masa riga, warin kuloci ya cika gida.

Dogo ya shigo ya zagaya ya duba, ya daina dariya. Ya ce, "Wa ya auna wurin nan?"

"Ni."

"Faɗi ka auna?"

"Faɗi da tsayi."

"Kwana fa?"

Mutumin da ya koyi tuƙi a inda babu bango bai taɓa sanin cewa juyawa ma tana cin wuri ba. Igiyarsa ba ta yi ƙarya ba, motar za ta wuce lungun sarai da a miƙe yake. Doguwar mota ce, tana bukatar filin da za ta karya jikinta, filin kuwa shi ne ya zuba wa siminti da hannunsa.

Kowa ya kawo shawara. Wani ya ce a kira motar ɗaga kaya ta tsallakar da ita, aka nuna masa benayen maƙwabta da wayoyin lantarki. Wani ya ce a fasa bangon gaba, aka tuna masa ɗakin kwanan mutane ne a bayansa. Aka kira magini, shi ma ya tsufa, ya zo ya ƙwanƙwasa ginshiƙin da sanda.

"A fasa, a fasa. Amma ginshiƙin nan shi ke riƙe da ɗakin. Sai an sauko da tsohuwa, a tokare, a rushe, a sake zubawa, a jira ya bushe. Ba aikin mako ba ne. Ni dai ba zan taɓa shi tana sama ba."

Duk suka juya suka kalli tsohon ɗakin Inna na ƙasa. Damina ta wuce, amma bangon har yanzu baƙi ne har gwiwa, yana fitar da wannan sanyin da ya kusa kashe ta.

Inna ta ji komai, ai kunnenta ba ya hutu. Ta kira shi ta taga, muryarta garau.

"Kai! Fasa abin nan ka wuce. Ni saukowa nake yi? Ku bar ni a nan, ku riƙa miƙo mini abinci da guga, ai ɗan rijiya na haifa. In kuma sai na sauko, a sauko da ni. Tari ne, na saba da shi."

Wasu suka yi dariya. Shi bai yi ba, don ya san da gaske take. Ya ɗauki babbar guduma ya je gaban matakalar ya tsaya. Ya ga inda tsakiyar kowane taki ya lotse saboda hawa da sauka, ya ga tabon baƙin mai a jikin bango daidai inda yake dafawa kullum. Sannan ya jingine gudumar.

Ya ce, "Dogo, injinka ba zai kai ka ba, ko?"

"Da addu'a dai."

"Kawo motarka gaban rumfa."

Dogo ya gane. Ya ce, "Kai, kada ka yi haka." Matarsa ta ce, "Maigida," ta shige ɗaki. Shi kuwa ya riga ya mayar da Ɓauna cikin ramukanta huɗu, ya kashe ta, ya buɗe bonet tun ƙarfen da zafi. Ƙarafa ukun ba a ma kwance su ba, sarƙar tana nan a rataye. Abin da ya ɗaura da waƙa ya kwance shi shiru, noti bayan noti. Aka ɗora injin a amalanke, tela ya tura. Amalanken ya karya kwanar nan cikin sauƙi, ko bango bai taɓa ba.

Sai-ta-tashi ya ɗaura injin a motar Dogo da irin kulawar da ya yi wa tasa. Ya gaya masa kada ya matsa mata sai ringin sun zauna, ya canja mai da wuri, kuma in sun zo rafi ya fara sa mutum ya shiga da sanda. Dogo ya ce kujerar gaba a buɗe take, ya zo ko babu Ɓauna. Sai-ta-tashi ya girgiza kai. Ya riga ya ji abin da Inna ta yarda ta biya don ya tafi, bayan wannan ƙafarsa ba za ta ɗagu ba. Da safe motar ta tashi da muryar Ɓauna, ta bi titi, ƙarar tana raguwa har ta ɓace. Ya tsaya a bakin rumfa hannu a aljihu, baƙin ciki ya cika shi, bai kuma ɓoye wa kansa ba.

Babu wanda ya iya hawa ya gaya wa Inna. Ya shiga gida, ya wuce motar da bonet ɗinta a buɗe, kaza ɗaya ta riga ta koma ciki. Ya juye ruwan zafi a bokiti ya hau matakala.

Tana zaune a bakin taga, fuskarta a wajen da ƙarar ta bi, tana share ido da gefen mayafi tana murmushi. Da ta ji takun sai ta tsaya cak.

"Wane ne?"

"Ni ne, Inna."

"Kai? To wa na ji ya tafi?"

"Injin ne."

Ta lalubo hannunsa, ta shafa tafin mai kaushi, ta kai hanci ta shinshina baƙin man. Ya jira faɗa, faɗan bai zo ba. Ta saki hannun ta matsa masa wuri kamar kullum.

Ya ce, "Ruwan zai huce."